Ƙwallon ƙafa a ƙasar Arewa: bashin da ƙananan ƙungiyoyi ke bin manya

Kowane manomi ya san gonar da ake girbewa kowace shekara ba a zuba mata taki ba ta daɗewa sai ta gaji. Ƙwallon ƙafa ma yana da gonarsa, watau filayen unguwanni da na ƙauyuka inda yara ke fara buga tamola ba takalmi. Manyan ƙungiyoyin da muke jin sunansu a rediyo, daga nan suke samun ƴan wasa. Batun da muka kawo muku yau shi ne abin da ya kamata su mayar wa wannan gona, da hanyar da za a bi har ya iso Dogon Dutsi da Tibiri. Za mu duba halin da ake ciki a gida, mu leƙa yadda wasu ƙasashe suka yi, sa'an nan mu faɗi aikin da ya rataya a wuyan kowa.

INDA AKE SHUKA

Ƙasar Arewa tana gabashin jahar Doso, bakin iyakar Nijeriya, kwance cikin fadamar Dallol Mawri. Har zuwa shekara ta 2011 gunduma ɗaya ce. Cikin wannan shekara aka raba ta biyu. Gundumar Dogon Dutsi ta riƙe Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kirya da Sukukutan. Gundumar Tibiri kuwa ta ƙunshi Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta samu mutum sama da 370.000 a gundumar Dutsi, da kimanin 270.000 a ta Tibiri. Tun daga lokacin jama'a ta ƙaru ƙwarai, kuma kusan rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 da haihuwa ba. Kowa na iya lissafa wa kansa yawan yaran da ke bin ƙwallo kowace la'asar a waɗannan garuruwa goma da ƙauyukansu.

Mai shirya ƙungiya a irin waɗannan wurare ya san inda takalmi ke matsa shi. Da farko akwai ƙwallon kanta, wadda tsakuwa da ƙaya ba su barin ta ta yi tsawon rai. Akwai riguna, akwai takalma, akwai kuɗin alƙalin wasa, akwai maganin wanda ya ji ciwo. Amma babban kaya shi ne mota. Daga Dutsi zuwa Doso kimanin kilomita 140 ne, daga Dutsi zuwa Yamai kuwa ya kai 270 da ɗoriya. Ƙungiyar da za ta kwashi samari ashirin ta kai su Doso, ta ciyar da su, ta komo da su, ta kashe abin da ya fi ƙarfin aljihun malamin lakol ko ɗan tireda da ke riƙe da ita. Sau da yawa karo-karo ake yi: wannan ya ba da jika ɗaya, wancan ya ba da ɗari biyar, wani mai hali da ke zaune Yamai ko Kwatano ya aiko da riguna. Ranar da mai halin nan ya gaji, ko ya rasu, ko kasuwa ta juya masa baya, sai ƙungiya ta watse.

Har wa yau akwai cin rani. Da an gama ɗaurin hatsi, samari da yawa kan kama hanyar Nijeriya ko ta bakin teku neman abin rufin asiri. Wanda ya fi kowa iya ƙwallo a ƙauye, in ba abin da zai riƙe shi, shi ma tafiya yake. Wanda kuwa Allah ya yi wa rabo, wani ya gan shi a gasar hutun lakol ya kai shi Doso ko Yamai, to, ya tafi ke nan. Mutumin da ya yi shekara huɗu ko biyar yana koya masa tare ƙwallo da ba da ita, galibi abin da ke iso masa shi ne gaisuwa da godiya.

INDA AKE GIRBI

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ita ke shirya gasa hawa-hawa. A sama akwai babban rukuni da ake kira Super Ligue, ƙarƙashinsa akwai rukuni na biyu, sa'an nan gasannin jahohi. Jahar Doso ma ta taɓa ganin sunanta a babban rukuni, kamar ta hannun ƙungiyar Entente ta garin Doso. Amma in muka duba waɗanda suka ci kofin zakarun ƙasa, sai mu ga Yamai ce ta kwashe kusan kome. Dattawa na tune da shekara ta 1983 da Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin, da shekara ta 1984 da Espoir ta Damagaram ta bi sawunta. Ana tuna waɗannan shekaru biyu ne saboda ƙarancin irinsu.

Mu ɗauki shekarun 2013 zuwa 2024. Ƙungiyar duwan, AS Douanes, ta ci kofin a 2013 da 2015. Ta rundunar gardi ta ƙasa, AS GNN, ta ci a 2014, 2023 da 2024. Ta sojoji, AS FAN, ta ci a 2016 da 2017. Ta kamfanin man fetur, AS Sonidep, ta ci a 2018 da 2019. A 2020 annobar korona ta tsayar da gasa. Ta jandarmomi, USGN, ta ci a 2021, ta kamfanin wutar lantarki, ASN Nigelec, ta ci a 2022. Dukansu a Yamai suke, kuma kowace tana jingine da wata rundunar gwamnati ko wani kamfanin ƙasa.

Wannan ba laifi ba ne. Waɗannan ƙungiyoyi sun ɗaukaka sunan Nijar. AS FAN ta kai zagayen rukuni-rukuni na kofin ƙalubale na Afirka a 2010, USGN ta maimaita haka a kakar 2021 zuwa 2022. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, kuma ƴan wasanmu na cikin gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya farkon 2023. Amma ga abin lura. Ƙarfin waɗannan ma'aikatu daga jama'a yake fitowa. Mai shago a Matankari da ke biyan kuɗin wuta, ɗan kabu-kabu a Kore Mairuwa da ke sayen mai, falke da ke biyan kuɗin duwan a bakin iyaka, duk suna da hannu cikin tukunyar da ake ciyar da waɗannan ƙungiyoyi. Ashe ke nan ƙauye ya ba da yaro, ya kuma ba da kuɗi. In aka ce a mayar masa da wani abu, ba roƙo ake yi ba.

ABIN DA YA FARU A INGILA

Kada a zaci mu kaɗai ke da wannan damuwa. Ƙasar da ta fi kowace samun kuɗi da ƙwallo ita ce Ingila, amma can ma gardamar ba ta ƙare ba. Cikin shekara ta 1992 manyan ƙungiyoyi suka ware suka kafa gasar Firimiya, domin su riƙa sayar wa gidajen talabijin wasanninsu da kansu. Yau ƙungiya 20 ce a ciki, ƙarƙashinsu kuma akwai ƙungiya 72 cikin rukuni uku. Cinikin nuna wasannin Firimiya a cikin Ingila kaɗai, na shekaru huɗu daga 2025, ya kai fam miliyar 6,7, alhali fam ɗaya ya ɗara tamma 700 na sefa.

Gasar Firimiya tana ba na ƙasa da ita wani kaso kowace shekara, wanda suke kira kuɗin zumunci. Tana kuma ba ƙungiyar da ta faɗo daga cikinta kuɗi masu yawa na ƴan shekaru, don kada faɗuwar ta karya ta. Ƙananan ƙungiyoyi sun daɗe suna kukan cewa rabon bai yi daidai ba, domin wadda ta faɗo jiya tana samun ninkin ba ninkin abin da ake ba wadda ta daɗe a ƙasa.

Cikin watan Agusta na 2019 aka kori ƙungiyar garin Bury daga gasa saboda bashi da rashin iya riƙo. An kafa ta tun 1885, ta ci kofin ƙasar sau biyu, a 1900 da 1903, kuma garin yana dab da Manchester, inda ƙungiyoyi biyu masu dukiyar duniya suke. Cikin 2020 ƙungiyar Macclesfield ita ma ta rushe. Da annobar korona ta hana ƴan kallo shiga fili, aka yi wata da watanni ana ja-in-ja, sai a watan Disamba na 2020 manya suka yarda su ba rukuni na uku da na huɗu fam miliyan 50, suka kuma taimaka aka samo wa rukuni na biyu rancen fam miliyan 200. Bayan haka aka zauna don a yi sabon rabo na dindindin, amma cikin watan Maris na 2024 manyan ƙungiyoyin suka tashi taro ba su daidaita ba. Daga ƙarshe majalisar dokoki ta sa hannu. Cikin watan Yuli na 2025 aka kafa doka da ta samar da hukuma mai zaman kanta, wadda ke da ikon yanke rabon in manya da ƙanana sun kasa shiryawa.

Darasin a fili yake. Ko inda kuɗi suka yi yawa, in aka bar rabo ga ganin damar mai ƙarfi, sai mai rauni ya yi ta jira. An fi shekara talatin kafin doka ta shiga tsakani.

DABARAR FARANSA

Faransa ta bi wata hanya. Cikin shekara ta 2000 aka fara karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gidajen talabijin ke biya don nuna wasanni. Ana kiran wannan haraji da sunan ministar wasanni ta lokacin, Marie-George Buffet. Kuɗin na shiga asusun da ke taimakon wasannin jama'a, watau na unguwanni da ƙananan garuruwa.

Suna kuma da wata al'ada mai kyau cikin kofin ƙasarsu, wanda aka kafa a 1917, wanda dubban ƙungiyoyi ke shiga. In ƙuri'a ta haɗa babba da ƙarama, kuma akwai rukuni biyu tsakaninsu, ƙaramar ce ke karɓar baƙunci. Sa'an nan an saba babbar ta bar wa ƙaramar nata kaso na kuɗin ƙofa. Wadda ta ƙi, jaridu kan kunyata ta. Ta wannan kofi ƙungiyar garin Calais, ta masu wasa don sha'awa, ta kai wasan ƙarshe a shekara ta 2000, Les Herbiers ta rukuni na uku ita ma ta kai a 2018. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ita ma daga 2024 ta ɗaga kason da take ba ƙungiyoyin da ba su shiga manyan gasanninta ba, daga kashi 4 zuwa kashi 7 cikin 100.

DOKAR DA TA SHAFE MU KAI TSAYE

To, jama'a, ga wurin da muke so ku fi mai da hankali. Tun shekara ta 2001 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta kafa doka wadda ta hau kan kowace ƙasa, har da tamu. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yarjejeniyarsa ba ta ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23 da haihuwa. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin cinikin. Kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba. Duk sanda aka sake irin wannan ciniki a kansa, har ya daina wasa, sai an sake fitar da kason.

Ga misali, don lissafin ya fito sarai. A ce wata ƙungiya ta Tibiri ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15, watau shekara huɗu. Kasonta ya zama kashi ɗaya cikin 100. A ce bayan shekaru yaron ya je Turai, wata ƙungiya ta Beljiyam ta sayar da shi ga wata ta Faransa a kan yuro miliyan ɗaya. Yuro ɗaya kusan tamma 656 ne, saboda haka cinikin ya kama miliyan 656 na sefa. Kashi 5 cikin 100 ya kama kusan miliyan 33. Na ƙungiyar Tibiri a ciki ya haura miliyan 6 da rabi. In ta riƙe shi har shekara 17, kason ya ninka biyu. Yuro miliyan ɗaya kuwa ƙaramin ciniki ne a kasuwar Turai. Ban da wannan akwai wani biyan dabam, ladan horo, wanda ƙungiyar waje ke biya sa'ad da yaro ya sa hannu a yarjejeniyarsa ta farko ta sana'a.

Irin wannan tafiya ba tatsuniya ba ce. Musa Ma'azu, wanda ya ci wa Mena ƙwallon da ta ka da Masar a Yamai cikin 2010, daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009. Ahmed Musa na Nijeriya ya taso a Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi Holan a 2010, Mosko a 2012, Leicester ta Ingila a 2016. Sadio Mane ɗan ƙauyen Bambali ne a kudancin Senegal. Makarantar ƙwallo ta Génération Foot a Dakar, wadda ke da yarjejeniya da ƙungiyar Metz ta Faransa tun 2003, ita ta tura shi Turai a 2011, daga nan ya bi Salzburg da Southampton har Liverpool. Ba wanda ya san ƙauyen da irin wannan yaro zai fito gobe.

TAKARDA ITA CE SHAIDA

Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan ne hakkin ƙananan ƙungiyoyi ke salwanta. FIFA ba ta aiki da shaidar baki. Tun watan Nuwamba na 2022 ta buɗe wani ofishi a birnin Paris wanda kuɗin ke bi ta cikinsa. Ofishin yana duba takardar tarihin ɗan wasa da ke cikin kwamfuta, wadda ke nuna ƙungiyar da aka rubuta sunansa a cikinta kowace shekara. Ƙungiyar da sunanta ke ciki, ita ake biya. In ƙungiyar ta rushe, kasonta na zuwa ga hukumar ƙasa don ta yi aikin yara da shi. Amma ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukuma ba, ko ba ta yanka wa yaro katin wasa ba, wanda ƴan ƙwallo ke kira lisansi, a idon doka ba ta taɓa renon kowa ba, ko da gari duka ya shaida.

Katin wasa kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Yaran karkara da yawa ba a rubuta haihuwarsu cikin lokaci ba, sai daga baya a je wurin alƙali neman takardar da ke maye gurbinta. Wani kuma sai a rage masa shekaru don ya shiga gasar yara. Wanda ya yi haka ya cuci yaron, ya cuci kansa, domin ranar da aka ga takardu biyu ba su dace ba, hakkin kowa ya faɗi.

Haka kuma iyaye su sani, dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa don ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu ƴan dalilai ƙididdigaggu. Duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da saniya ko gona zai kai yaro ɗan shekara 15 Turai, a tambaye shi takardunsa, a kuma kai maganar ga wakilan hukumar ƙwallo na jaha kafin a ba shi ko dala.

ABIN DA KOKOWA TA KOYA MANA

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga tsarin da ke haɗa ƙauye da birni. Tun shekara ta 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kokowa ke tafiya bisa tsari ɗaya. Ana zaɓe daga ƙasa, gunduma ta fid da nata, jaha ta fid da nata, sa'an nan a haɗu. Gasar kuma tana zagaya jahohi, yau nan gobe can, kowace jaha ta samu filin kokowa da baƙi da ciniki. Filin garin Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, kuma Isaka Isaka na jahar Doso ya ɗauki takobi sau da dama. In ɗan kokowa ya yi nasara, kowa ya san garinsu, kuma alherin na komawa gida. Shi ya sa kowane ƙauye ke jin kokowa tasa ce. Ƙwallon ƙafa na iya aron wannan hali.

ME YA KAMATA A YI?

Wani zai ce manyan ƙungiyoyinmu su ma fama suke, ba su da kuɗin talabijin irin na Turai, ƴan kallo kuma ba su cika fili. Gaskiya ne. Amma ba a ce su ba da abin da ba su da shi ba. Abin da ake nema shi ne kaso sananne daga abin da ya shigo, kaɗan daga kaɗan, mai yawa daga mai yawa. Kuma kuɗi na shigowa. A kakar 2024 zuwa 2025 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba kowace ƙungiya da ta buga zagayen farko na gasanninta dalar Amurka 50.000, watau kusan miliyan 30 na sefa. FIFA kuma, cikin shirinta na raya ƙwallo na 2023 zuwa 2026, ta ware wa kowace hukumar ƙasa abin da ya kai dalar Amurka miliyan 8, sama da miliyar 4 na sefa.

Ga manyan ƙungiyoyi, abu uku. Na ɗaya, duk wadda ta ɗauki yaro daga ƙaramar ƙungiya ta biya ladan reno bisa farashin da aka rubuta, ta kuma yarda a takarda cewa in ta sayar da shi gaba, ƙaramar na da kaso. Dokar FIFA da kanta ta umurci kowace hukumar ƙasa ta tsara hanyar saka wa masu renon yara a cinikin cikin gida. Na biyu, a kofin ƙasa, babba ta je gidan ƙarama ta bar mata kuɗin ƙofa. Ranar da AS FAN ko Sahel ta sauka Dutsi, garin zai cika, kuma abin da aka tara zai riƙe ƙungiyar gida wata da watanni. Na uku, kowace babbar ƙungiya ta ƙulla zumunci da gunduma ɗaya: ta aika ƙwallaye da rigunan bara, ta tura mai horarwa ya yi mako guda yana koya wa malaman ƙauye. Ribarta ita ce za ta riga kowa ganin yaran da suka iya.

Ga hukumar ƙwallo da ma'aikatar matasa da wasanni, a rubuta waɗannan ƙa'idodi cikin dokar gasa, don kada su dogara ga halin shugaban yau. A sauƙaƙa kuɗin rajista ga ƙungiyoyin karkara, a kai aikin yankan kati har gunduma, maimakon mutum ya yi ta zarya zuwa Doso. A kuma riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara abin da aka ba kowace jaha da abin da aka yi da shi. Ga kantomomi da masu riƙe da ƙananan hukumomi, a keɓe filin wasa a rubuce kafin masu gini su cinye shi, a kuma sa ƴan ƙwallo cikin jerin waɗanda ake yi wa takardun haihuwa sa'ad da alƙali ya fita rangadi.

Wani kuma zai ce in an ba da kuɗin, shugabannin ƙananan ƙungiyoyi za su cinye. Wannan tsoro yana da dalili, kuma maganinsa na hannun ƙungiyoyin kansu. Kowace ta samu dokokinta a rubuce, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji waɗanda taro ya zaɓa. Ta buɗe asusu da sunanta, kada kuɗi su kwana a aljihun mutum ɗaya. Ta riƙe littafi biyu: ɗaya na sunayen yara da ranar haihuwarsu da ranar shigarsu, ɗaya na abin da ya shigo da abin da ya fita. A ƙarshen kaka a karanta littafin kuɗi gaban kowa. Inda ake shakka, a ba da taimakon ta hanyar kaya da kuɗin mota da aka biya kai tsaye.

Nan ne aikinku ya zo, ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka samu karatu da rubutu da lissafi. Kun riƙe littafin bankin hatsi, kun riƙe na ƙungiyar manoma, kun riƙe na asusun mata. Littafin ƙungiyar ƙwallo bai fi su wuya ba. Zamanin Samariya, samarin Arewa sun gina azuzuwa da gayya ba su jira kowa ba. Gayyar yau ta alƙalami ce. Sunan yaro da kuka rubuta daidai a bana, shi ne zai iya kawo wa garinku miliyoyi bayan shekara goma, in kuma bai kawo ba, yaron ya samu takardar haihuwa da za ta amfane shi a lakol da wurin neman aiki.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a jira sai an ji sunan ɗan Gesheme ko ɗan Sukukutan a rediyon Faransa sa'an nan a shiga neman wanda ya rene shi. Kafin gasar hutun bana ta fara, kowace ƙungiya ta zauna ta rubuta yaranta, ta aika wakili ya tambayi sharuɗɗan rajista. Manya kuma su tuna da gonar da suke girba, su mayar mata da taki tun ba ta gaji ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a.